Sunan da Goggo Tasalla Ta Nema

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan tukuna. Ga wani labari zan ajiye muku a tsakiya. In na kai ƙarshensa shari'a ta koma hannunku, don ni na daɗe ina juya shi ban ga bakinsa ba.

Akwai wata mata, sunanta Murjanatu, haifaffiyar wani ƙauye da ake kira Kwarin Jibo, a bakin wani kogi wanda da rani akuya kan tsallake shi, da damina kuwa mai kwalekwale ma sai ya yi addu'a kafin ya shiga. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, sai ƙanwar mahaifinta, Goggo Tasalla, ta ɗauke ta ta haɗa da ɗanta tilo, Sallau, ta raine su a ɗaki ɗaya. Sallau ya girme ta kaɗan. Shi ya riƙa goya ta a keke zuwa makaranta, shi ya tsaya a gona ita ta yi gaba, har ta kai jami'a ta karanta ilimin ƙididdiga, har aka fara kiranta Dakta. Bai taɓa nuna mata ƙyashi ba. In ta zo hutu sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai lissafin gidanmu ta iso, a ɓoye buhunan gero kada ta ƙirga!"

Tun tana yarinya ta ga abin da kogin nan ke yi in ya fusata. Ta ga rumbu ya narke kamar gishiri, ta ga tunkiya ta wuce a kan ruwa ƙafafu a sama. Shi ya sa da ta gama karatu ba ta nemi aikin kujera mai juyi ba. Ta samu wata ƙungiya ta tsaya mata, ta buɗe ɗan ƙaramin ofis a birni, aka kakkafa ma'aunai a bakin kogin, kowanne yana aiko wa kwamfuta tsawon ruwa. Ita kuma ta zauna da bayanan ruwa na shekaru masu yawa, ta fitar wa kowane ƙauye iyakarsa. Ƙauyuka goma sha ɗaya ne, kuma ba zaman ɗaya suke yi ba. Kwarin Jibo a gangare yake, ruwa na kai mita huɗu ya fara lasar katanga. Zangon Duwatsu kuwa a kan tudu yake, sai ruwa ya doshi mita bakwai mutanensa ke ɗaga kai. Abin da ake so shi ne, da zarar ruwa ya kusa iyakar wani ƙauye, saƙo ya faɗa wayoyin mutanensa su tashi.

Mutum uku ta ɗauka aiki, da kanta ta zaɓe su. Tanimu ne mai rubuta wa kwamfuta umarni, mutum mai saurin hannu, abin da wani zai yi mako yana yi shi yakan gama kafin shayinsa ya huce. Huwaila ce mai gwaji, ba abin da ke fita daga ofis sai ya bi ta gabanta, kuma ba ta da sanya. Munzali ne mai ɗora aikin a kan babbar kwamfutar da ba a kashewa, shi ne kuma mai hawa babur ya zagaya ƙauyuka, har tsofaffi sun san shi da suna.

Ranar da suka fara aiki ta zaunar da su ta yi musu karatun da take yi wa kowa.

"Kwamfuta ba ta san nufinka ba," in ji ta, "suna kawai ta sani. Kai ne za ka ajiye lamba ka raɗa mata suna, ka ce wannan ita ce iyaka. Sannan ka rubuta ɗan guntun umarni mai aiki ɗaya, shi ma ka ba shi suna. In ɗan umarnin nan ya buƙaci iyaka, cikin ɗakinsa yake fara dubawa. In babu, sai ya koma wurin da aka haife shi, don duk inda ka kai shi ba ya manta wurin. In can ma babu, ya fito tsakar gida, inda kowa ke zube kayansa. In babu, ya bi ƙunshin umarnan da muka shigo da su, ya fara da wanda ya shigo daga ƙarshe. Duk wanda ya fara cin karo da shi mai wannan sunan, shi zai ɗauka, ba zai tambaye ka ko shi kake nufi ba. Kuma ku riƙe wannan: ba ya sa lambar a aljihu tun ranar haihuwa. Sai an tambaye shi yake zuwa ya duba. In an sauya ta kafin nan, sabuwar zai kawo maka."

Duk ukun suka gyaɗa kai. Kuma duk ukun sun gane, kada wani ya ce muku ba su gane ba.

Aikin Tanimu shi ne ya ƙera wa kowane ƙauye ɗan umarninsa, wanda za a riƙa miƙa wa tsawon ruwa yana cewa an kai ko ba a kai ba. A ofis masu gadi suke kiransu. Hanyar da ta dace ya san ta, har ya taɓa koya wa wasu: a rubuta umarni uwa, a miƙa mata iyakar ƙauye, ta haifi mai gadi a cikin ɗakinta, kowane mai gadi ya tashi da ɗakinsa da lambarsa, ba mai taɓa ta wani. Amma a lokacin damina ta kunno kai, masu ɗaukar nauyin aikin na ta waya, mahaifinsa kuma na kwance a asibiti, shi ke jinya. Ya zo ofis da jajayen idanu, ya bi gajeriyar hanya. A tsakar gida ya tsaya, ya sa kwamfuta ta bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya bisa jerin haruffa: ta rubuta iyaka, ta haifi mai gadi, ta rubuta ta ƙauye na gaba a kan sunan nan dai, ta haifi wani. Masu gadi goma sha ɗaya suka fito, kowanne da sunan ƙauyensa, amma duk a tsakar gida ɗaya aka haife su, duk iyaka ɗaya suke komawa su duba. Wadda ta rage kuwa ita ce ta ƙauyen ƙarshe a jeri, Zangon Duwatsu, mita bakwai. Da ya gama, wani abu ya ɗan sosa masa rai, ya tsaya yana kallon abin da ya rubuta. Sai wayarsa ta yi ƙara, daga asibiti ne. Ya ce a ransa, in da matsala Huwaila za ta kama, ba abin da ke wuce ta. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Huwaila ta karɓa. Tana da wata aƙida da take alfahari da ita: ba ta karanta abin da mai rubutu ya rubuta kafin ta gwada, don kada idonta ya bi sawun nasa ya faɗa ramin da ya faɗa. Ba ta yi ƙyuya ba. Ba ta gwada ƙauye uku ta ce sauran ma haka suke ba, duk sha ɗayan ta bi, da ƙaramin ruwa da babba, har azahar ta wuce ta ba ta ci abinci ba. A kowane ƙauye sai ta fara ajiye lambar da ta san ita ce daidai, don ta kwatanta da amsar mai gadi. Lambar nan na buƙatar suna, kuma wane suna mutum zai ba iyaka in ba iyaka ba? Dokar Dakta ita ce, kayan gwaji a rufaffen ɗaki ake ajiye su. Huwaila ta san dokar, amma ta daɗe tana ganin ɓata lokaci ce, a tsakar gida ta ajiye. To ka ga abin da ya faru: ta rubuta huɗu, ta kira mai gadin Kwarin Jibo, ya fito tsakar gida ya tarar da huɗun da ta ajiye yanzu-yanzu, ya miƙo mata abinta. Ta rubuta biyar, ta kira na gaba, ya miƙo mata biyar. Amsar da ta ba su ita suka riƙa mayar mata, ita kuma tana murna. Da yamma ta shiga wurin Murjanatu ta ce, "Dakta, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau suke. Ni na tsaya musu."

Duk da haka da saura katanga ɗaya. Tun kafin ta ɗauke su aiki, Murjanatu ta rubuta wani umarni da hannunta, ta sa a ƙunshin ofis, ta raɗa masa suna duba. A babbar kwamfuta, kullum kafin aiki ya fara sai an kira shi, ya tambayi kowane mai gadi iyakarsa. In ya ga ƙauyuka biyu da lamba ɗaya, ya tsayar da komai ya ta da ƙararrawa. Da shi take kwana da kwanciyar hankali.

Munzali kuwa, a yawonsa na ƙauyuka, ya lura da abin da na ofis ba su lura da shi ba. Ya aika saƙon gwaji, ya ga tsoho ya riƙe waya yana juya ta, yana jiran jikansa ya dawo daga kiwo ya karanta masa. Abin ya dame shi. Ya yi ta bincike har ya samo wani ƙunshi da wasu suka rubuta suka saki kyauta, mai mayar da rubutu murya, waya ta yi ƙara mutum ya ɗauka ya ji magana da Hausa. Ba wanda ya sa shi, a lokacin hutunsa ya yi. Ya shigo da ƙunshin bayan na ofis. Ashe shi ma yana da umarni mai suna duba, wanda aikinsa kawai ya ga ko lambobin waya sun cika. Na ƙarshen shigowa shi ke gaba, don haka ya tare na Dakta. Kwamfuta ba ta ɓoye ba, ta fito da jan rubutu ta ce an rufe wani suna. Maganin abin ɗan kaɗan ne: a kira na Dakta da sunansa haɗe da sunan ƙunshinsu, yadda ake cewa Sallau na gidan Tasalla don kada a ɗauka wani Sallau ne. Munzali ya ga jan rubutun. Irinsa na fitowa kullum, yawancinsu ba komai ba ne. Ya kira duba, aka ce masa lafiya. Sai ya sa aka daina nuna jan rubutun don yana cika masa fuskar kwamfuta, ya ce gobe zai gaya wa Dakta. Goben ta zo da nata aikin.

Murjanatu ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta sa mayafinta ta tafi Kwarin Jibo, aka taru a ƙofar gidan mai gari, ta tsaya a gaban mutanen da suka san ta tun tana yawo ba takalmi. Ta ce musu, "In ruwa ya kusa, wayarku za ta yi magana. In ta yi shiru, ku ci gaba da aikinku." Sallau na gefe yana washe baki, yana taɓa na kusa da shi yana cewa, "Ƙanwata ce fa." Rabonta da jin daɗi irin na ranar ta manta.

Damina ta yi nisa. Can sama, inda kogin ya faro, aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, amma a Kwarin Jibo ranar da abin ya faru gari ya waye da rana tas.

Da hantsi Murjanatu na ofis tana shan shayi, sai ta ji Huwaila ta yi salati da ƙarfi. Huwaila na da wata ɗabi'a da ba wanda ya ɗora mata: kowace safiya sai ta buɗe lambobin da ma'aunai ke aikowa ta bi su da idonta. Ma'aunin Kwarin Jibo na nuna huɗu da rabi, yana hawa, kuma ba saƙon da ya fita. Da ba ta duba ba, da ba wanda zai sani sai an ji a rediyo.

Tanimu ya ture kujera ya zauna. Ya tambayi mai gadi na farko iyakarsa, ya ce bakwai. Na biyu, bakwai. Na uku, bakwai. Murjanatu na tsaye a kansa, ta ga gumi ya keto masa ta ƙeya. Nan take ya rushe abin da ya gina, ya sake haifar masu gadin kowanne a ɗakinsa, ya ɗora. A ofishin nan ba wanda zai iya gano ciwon ya gyara shi cikin wannan ɗan lokacin in ba shi ba, har ita Murjanatun.

Sai muryar Munzali ta yi aikinta. A ƙauyukan da ke ƙasa, inda ruwan bai isa ba tukuna, wayoyi suka ɗauki ƙara a gonaki da bakin rijiya da ɗakunan tsofaffi. Mace mai daka ta ɗauka ta ji an ce ta kwashi yara ta hau tudu. Makaho ya ji da kunnensa. Ba wanda ya jira a karanta masa. Kafin la'asar ruwa ya shafe gidaje a ƙauyuka huɗu, amma ya tarar ba kowa a ciki. Ɗaruruwan mutane ne, yau suna nan da ransu.

Murjanatu ba ta ga wannan ba a lokacin. Tana bakin taga, waya a kunne, tana kiran Sallau. Ba ta shiga. Ta sake kira. Ba ta shiga.

Daga baya aka ba ta labari. Sallau na da shanun huɗa a wani tsibiri da ke tsakiyar kogin, inda mutanen gari ke noman shinkafa. Da sassafe ya shirya zai haye da wasu. Goggo Tasalla ta tare shi a zaure ta ce kukan kogin bai yi mata ba yau. Ya zaro waya daga aljihu ya nuna mata yana dariya. "Inna, wayar Murja ba ta ce komai ba. Ko kin fi ta sani ne?" Ta matsa ta ba shi hanya. Waɗanda ke cikin gari sun ga ruwa da idonsu sun gudu. Na tsibiri ruwa ya zagaye su. Mutum shida ruwan ya ci, har da wata mace da ta kai wa mijinta fura. An samu Sallau a cikin ciyayi, nesa da gari. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku.

Murjanatu ta je ta'aziyya. Ba wanda ya zage ta, kuma da sun zage ta da ya fi mata sauƙi. Mata suka riƙa matsawa suna ba ta wuri mai faɗi a tabarma, faɗin da bai kamata ba. Goggo Tasalla ta amsa gaisuwarta yadda ta amsa ta kowa.

Da ta koma birni ta rufe kanta ta bi aikin layi-layi, har ta ga duka ukun: tsakar gidan Tanimu, sunan da Huwaila ta ajiye, jan rubutun da Munzali ya rufe wa baki. Ta kira su ta shimfiɗa musu. A ranar kowa ya ɗauki nasa. Tanimu ya ce shi ya rubuta. Huwaila ta yi kuka ta ce ita ta ce lafiya. Munzali ya ce shi ya rufe jan rubutun. Amma laifi irin wannan ba ya zama a kafaɗa ɗaya ya daɗe, nauyinsa ya fi ƙarfin mutum. Sannu a hankali maganar ta sauya. Aka fara jin Tanimu na cewa duk mai rubutu yana kuskure, ai don haka aka ajiye mai gwaji. Aka ji Huwaila na cewa ita abin da aka ba ta ta gwada, kuma da an bar umarnin Dakta a wurinsa da abin bai kwana ba. Munzali ya ce nasa katangar ƙarshe ce, da biyun farko sun yi aikinsu da ba a ma zo kanta ba. Da can kwano ɗaya suke ci da rana. Yanzu kowa na fita da nasa, gaisuwa ma sai ta zama dole.

Bayan an share makoki Goggo Tasalla ta aiko a kira ta. Gidan ya rushe, a wata rumfa ta same ta a kan tudu, ta rame, tana tsince wake a faifai. Murjanatu ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Murja, an ce kin gano abin da ya hana wayar magana."

"Na gano, Goggo."

"Na san kwanan Sallau ne ya ƙare. Ban yi jayayya da Ubangijina ba. Kotu ba na so, diyya ba na so, mutanenku sun zo da maganar na sallame su. Amma abin ta hannun wani ya biyo. Sunansa nake so."

"Goggo, ni ce. Ni na tsaya a gaban mutane na ce in ta yi shiru su ci gaba da aiki. Ni na ɗauke su aiki. In suna kike so, ga nawa."

Sai a lokacin tsohuwar ta ɗago ta dube ta.

"Na san haka za ki ce. Naki daban yake, yana nan na ajiye, kuma ba yau za mu buɗe shi ba. Ni na goya ki, ba ki isa ki ɓoye wani a bayanki ba. Wanda hannunsa ya taɓa abin nake tambaya."

Murjanatu ta yi ƙoƙarin bayani. Ta ce su uku ne, kowanne ya bar ƙofa ɗaya a buɗe, da ɗayansu ya rufe tasa da Yaya Sallau na nan. Ta ce kuma su ukun nan ne suka fid da ƙauyuka huɗu, da an cire ɗaya daga cikinsu da gawarwakin ba za su ƙirgu ba. Goggo Tasalla ta saurara har ta gama, hannunta bai bar waken ba.

"Waɗanda suka tsira su yi musu godiya, hakkinsu ne. Ni ɗana bai tsira ba." Ta zubar da tsakuwar da ta tsinta. "Na tsufa, Murja. Zuciyata ba ta da wurin mutum uku. In na ce zan riƙe uku, ba wanda na riƙe. In na ce zan yafe wa uku, ba wanda na yafe wa, iska na yafe wa. Kullum in na idar da salla sai in ɗaga hannu in rasa sunan da zan faɗa. Ɗaya nake so."

"In na kawo, me za ki yi da shi? Yafewa za ki yi, ko riƙewa?"

"Wannan tsakanina da Mahaliccina ne."

Murjanatu ta san garinsu. Abin da aka faɗa a rumfar nan da safe, kafin magariba ya kai bakin rijiya, kafin mako ya kai gidajen sauran mutum biyar ɗin, daga nan ya hau mota ya shiga birni. Wanda ta ambata zai ɗauki mutum shida shi kaɗai har ƙarshen ransa, sauran biyun kuma su samu abin da suke nema tun tuni, su ce ai ga shi Dakta ma ta faɗa. In kuma ta ƙi, ta hana matar da ta raine ta abu ɗaya tak da ta taɓa roƙonta.

Ta miƙe za ta tafi, ta ce, "Sai na dawo, Goggo."

"In kin zo da shi, ki shigo," in ji tsohuwar. "In ba ki zo da shi ba, ki gaishe ni daga waje, zan amsa."

Haka ta koma birni. Ofis na nan, masu gadi yanzu kowanne na ɗakinsa, wayoyi na magana a kan lokaci, sai dai a Kwarin Jibo ba mai sauraronsu kuma. Kowace safiya Murjanatu na wucewa ta gaban teburi uku, tana amsa gaisuwa uku, tana duban fuskokinsu.

To, ga su nan a gabanku. Tanimu ya san hanyar da ta dace ya bar ta, ransa ya gaya masa ya ƙi saurara, ya jingina da wata. Amma uba ne ke kwance yana kiransa, kuma da ranar ta zo hannunsa ne ya gyara. Huwaila ta fi kowa wahala a kan aikin, ita ce kuma idon da ya fara gani. Amma ta raina dokar da aka kafa don irin wannan ranar, kuma bakinta ne ya ce lafiya, a kan maganarta aka saki abin. Munzali tausayin tsofaffi ne ya kai shi, ba wanda ya sa shi, muryarsa ce ta kwashe ƙauyuka huɗu. Amma shi kaɗai ne a cikinsu kwamfuta ta yi wa gargaɗi ƙiri-ƙiri da jan rubutu, ya karanta, ya toshe mata baki.

Kada wani ya ce mini duka ukun, Goggo Tasalla ta riga ta rufe wannan ƙofar. Kada kuma ku ce Murjanatu, an ce nata daban yake. Tsohuwa na zaune a rumfa tana jira, kuma ba ta da sauran lokaci mai yawa.

To, ku gaya mini: sunan wa Murjanatu za ta kai mata?